Ɗan Saga, garin da daji ya koma cikin gona

Ɗan Saga gari ne na manoma a gundumar Agye, cikin jahar Maraɗi. Mai son zuwa can daga birnin Maraɗi sai ya kama babbar hanyar kwalta wadda ta nufi Damagaram. Zai wuce Cadawa. In ya yi tafiyar kilomita wajen 80, ya iso Agye. A nan zai bar kwalta ya yi arewa. Daga nan kuma sai hanyar ƙauye, wadda ƴan kabu-kabu da masu amalanke suka fi kowa sani.

Ƙasar wurin jigawa ce, rairayi mai taushi. Hatsi ne babban abin noma. Ana haɗa shi da wake, da dawa, da gyaɗa, da riɗi. Ruwan sama ba shi da yawa, kuma ba shi da alkawari. Wata shekara ya zo da wuri. Wata shekara ya bar mutane suna ta duban gabas.

Baƙon da ya bi hanyar nan da rani, bayan an kwashe amfanin gona, abu guda zai fara lura da shi. Itatuwa ne. Duk inda ya duba, dama da hagu, itatuwa ne tsaye cikin gonaki. Ga sabara, ga kalgo, ga taramniya. Can ga magarya da aduwa. Jefi-jefi ga gawo ya yi kore shar, alhali ciyawa duk ta bushe. Ba a jere suke ba kamar na gandun gwamnati. Wani nan, wani can. Wani babba, wani bai wuce tsawon yaro ba. A gindinsu kuwa ga tushiyar karan hatsin bana, shaidar cewa wurin gona ce.

In baƙon ya tambayi wanda ya dasa su, za a yi masa dariya. Yawancinsu ba wanda ya dasa. Ba wanda ya ɗauko tulu ya ba su ruwa. Da ma suna nan cikin ƙasa. Abin da ya sake shi ne hannun manomi. A da sarewa yake yi, yanzu gyarawa yake yi. Wannan aiki shi ake kira sassaben zamani.

Yadda kakanni suka yi

A zamanin kakanni daji ya fi gona yawa. Mutum zai sari daji, ya ƙone, ya noma wurin ƴan shekaru. In ƙasa ta gaji sai ya bar ta ta huta, ya sari wani wuri. Gonar da aka bari ita ce saura, wasu su ce maiso. Cikin shekarun hutu sabara da kalgo za su rufe ta. Dabbobi su yi kiwo, su zuba taki. In an dawo mata, sai a tarar ta farfaɗo.

A lokacin, itacen wuta yana daji. Gofar ɗaki tana daji. Ƙotar gatari da saiwar magani duk suna daji. To, me zai sa mutum ya bar itace cikin gonarsa? Ya tara masa tsuntsaye? Ya yi wa hatsi inuwa? Saboda haka manomin kirki shi ne mai gona tas. Bazara na kamawa zai fita da gatari da adda, ya sare duk tohon da ya fito, ya tara, ya sa wuta. Wanda ya bar sabara a gonarsa, raggo ake ce masa. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Amma kada a yi saurin zagin mutanen da. Dabararsu ta dace da zamaninsu. Zamanin ne ya gudu ya bar ta.

Abu na farko, mutane sun yawaita. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17. A shekarar 2012 ɗin, jahar Maraɗi ita kaɗai tana da mutum miliyan 3 da dubu 400. Wato kusan yawan mutanen ƙasar duka a 1960, shekarar samun ƴancin kai. Gonar da uba ɗaya ya noma, ƴaƴa biyar suka raba. Saura ta ƙare. Daji ya ƙare. Gonar wannan gari ta haɗe da ta wancan. Amma gatari bai daina aikinsa na kowace bazara ba.

Abu na biyu, hukuma ma ta sa hannu. Tun zamanin Turawa aka matsa wa mutane su noma gyaɗa don biyan haraji. Daga baya malaman gona suka zo da garmar shanu. Suka ce a tuge kututture don garma ta wuce. Ga kuma dokar gandun daji. Turawan Faransa sun yi tasu a 1935, gwamnatin Nijar ta yi wata a 1974. Doka ta ware waɗansu itatuwa, har da gawo, ta ce ba mai taɓa su sai da takarda. Ko a tsakiyar gonarsa itacen yake, manomi ba shi da iko da shi. In ya sari reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Niyyar dokar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifa: manomi yana ganin ɗan gawo ya tsiro, sai ya sa masa hauya tun yana ƙarami. Gara ya kashe shi yau da ya jawo masa tara gobe.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974. Dabbobi suka mutu. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa. A 1984 wani farin ya sake zuwa, da yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari, don a shekarar ne aka rufe iyakar Najeriya. Dattawan ƙasar Agye ba su manta da shekarun nan ba. Mutum yana tsaye bakin garinsu yana hango rumbunan wani gari, ba abin da ya tare masa ido. Iskar bazara ta taso ba mai tsai da ita. Hatsi ya tsiro, rairayi ya yanke shi ko ya binne shi. A sake shuka. A sake ta uku. Iri ya ƙare a rumbu, damana kuwa tana tafiya. Mata su fita neman itace tun da safe, sai rana ta take su dawo da ɗan ƙirare. Inda babu, sai a ƙona kara da kashin shanu. Wato abincin gona shi aka riƙa sa wa a murhu.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, aka mai da ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Aka buɗe wuraren renon itace, aka raba dogon yaro da turare. A kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun kama, sun tare iska. Amma a jigawa abin bai yi daɗi ba. A dasa da damana, rani ya zo, akuya ta ci, gara ta ci, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Wa zai ja ruwa daga rijiya mai zurfi ya ba itacen da ba nasa ba?

Cikin masu wannan wahala akwai wani malamin gona mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, wanda ya yi aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya faru a 1983. Yana cikin tafiya da mota ɗauke da ƴan itatuwan dashe, sai ya tsaya ya rage iskar taya don ya wuce rairayi. Ya dubi wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda kowa ke wucewa. Da ya duba ganyen da kyau, sai ya gane itace ne. An sare shi, kututturen bai mutu ba, saiwarsa tana can ƙasa tana shan laima. Kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sarewa. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa a gonakin Maraɗi.

Manoma sun riga shi sanin cewa kututture yana toho, ai su ke sare shi. A ƙasar Damagaram ma, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, akwai masu barin gawo a gona tun da daɗewa. Har yau ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda aka ce ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare. Abin da ya yi wuya shi ne a sa mai gona tas ya yarda gonarsa ta yi datti a idon maƙwabta.

Manoma kaɗan suka fara gwadawa. An yi musu dariya, an ce sun haukace. Wasu da dare aka bi aka sare musu itatuwan. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa aikin da rabon abinci a garuruwa wajen 100. Wanda ya bar itace a gonarsa, a ba shi hatsi. Ta haka aka raya itatuwa wajen dubu 500. Da rabon abinci ya ƙare, sai mutane suka koma ga gatarinsu. Kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare.

Wannan abu yana da kyau a riƙe shi. Buhun hatsi ya sa mutane sun yi aikin, amma bai sake musu ra'ayi ba. Waɗanda suka sake ra'ayin jama'a su ne ƴan kashi ɗayan nan da suka ƙi sarewa. Shekara ta zagayo, maƙwabci ya leƙa gonarsu. Ya ga shukarsu ta kama tun karo na farko. Ya ga matar gidan tana ɗibar itace a gonar mijinta. Ya ga hatsi bai ragu ba. Gani ya kori ji. Wata bazarar, shi ma ya bar guda goma, bai gaya wa kowa ba.

Ga yadda ake yi

Aikin ba ya son kuɗi. Gatari ko adda mai kaifi sun isa. Lokacin sassabe manomi zai zaga gonarsa, ya zaɓi kututturan da yake so. A kowane kututture zai duba tohon da ya fi tsawo, ya fi miƙewa, ya fi ƙarfi. Ya bar uku, ko huɗu, ko biyar. Sauran ya yanke. Waɗanda ya bari, sai ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Kada ya aske su duka, don iska za ta karya su, akuya kuma ta tanƙwara su.

Wajen yanka, daga ƙasa ake sara zuwa sama. In an sara daga sama, ɓawon yana ɗayewa, itacen ya yi rauni, ƙwari su shiga. Ganyen da aka yanke ba a ƙona shi. A bar shi nan ƙasa. Zai tare rairayi, gara ta ci, ya koma taki. Wasu suna ɗaura ɗan tsumma a jikin itacen, don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni a koma a sake gyarawa, don sabon toho ba ya daina fitowa.

Tun da saiwar tsohuwa ce, itacen yana girma da sauri fiye da na dashe. Cikin shekara biyu ko uku an sami abin yanka. Mai hankali ba ya kwashe su gaba ɗaya. Bana ya yanki sanda ɗaya, ya bar sabon toho ya maye gurbinta. Baɗi ya yanki wata. Da farko an ba da shawarar itace 40 a hekta ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Daga baya wasu manoma da kansu suka wuce 100.

Kowane itace da aikinsa. Sabara ta fi kowa saurin ba da itacen wuta, ga ta magani. Ƴaƴan kalgo abincin dabbobi ne, ɓawonsa igiya. Magarya da aduwa yara su ci, mata su sayar. Gawo kuwa halinsa daban ne. Da damana yake zubar da ganye, saboda haka ba ya hana hatsi rana. Da rani yake yin ganye da ƴaƴa, lokacin da dabba ba ta da abin ci. Dabbobi su taru a inuwarsa, su bar taki. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili.

Tsaron itace

Abin da ya fid da sunan Ɗan Saga shi ne tsaro. Raya itace abu ne mai sauƙi. Hana ɓarawo sare shi, nan aikin yake. Mutum ya yi shekara uku yana gyaran itace, dare ɗaya wani ya zo da amalanke ya kwashe. In haka ta faru sau biyu, ba zai ƙara ba.

Sai mutanen garin da na garuruwan kewaye suka kafa kwamitin tsaro. Wani shirin raya karkara na ƙasar Agye, wanda asusun FIDA ya ba kuɗi, ya taimaka musu, tare da masu binciken noma na INRAN. Amma dokokin, jama'a suka zauna suka yi abinsu, da sanin mai gari. An sa mata cikin kwamitin, don su ke neman itace. An sa makiyaya, don su ke yawo da dabbobi. Ƴan kwamiti suna zaga gonaki. Wanda aka kama yana saran itacen wani, a kai shi gaban jama'a, a ci shi tara. Daga baya suka buɗe kasuwar itace tasu, don mai itace ya sayar da abinsa a fili, ba a ɓoye ba.

Sa makiyaya cikin shawara ba ƙaramin abu ba ne. Su ma zamani ya sake musu. A da, ana gama girbi makiyayi zai shigo gona da garkensa. Shanu su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba shi damen hatsi, matarsa ta sayar da nono a gari. Yanzu manomi yana da tumakinsa da shanun amalanke. Yana kwashe kara da harawa ya kai gida, ko ya kai kasuwa. Burtali ya matse, wani wuri an nome shi. Mutanen jahar Maraɗi sun san inda irin wannan matsi ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a garin Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. Ba mai son ya sake ganin ranar nan.

To, itacen gona yana iya zama sabon dalilin faɗa, yana kuma iya zama dalilin shiri. In makiyayi ya hau gawo ya sassare shi har ƙoƙuwa, ya kashe wa mai gona aikin shekaru. In mai gona ya ce ko ƴaƴan da suka faɗo ƙasa dabba ba za ta ci ba, ya manta wanda ke kawo masa taki. Inda aka zauna aka yi magana, makiyayi ya sami ganye da ƴaƴan itace cikin tsakiyar rani, abin da babu shi a shekarun da gonaki suke tas. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin yawo da dabbobinsu. Amma takarda tana Yamai. Burtali kuwa yana bakin gonar wani, kuma shi da maƙwabcinsa za su tsare shi.

Ta wajen itace ma doka ta biyo bayan manoma. An sake dokar gandun daji a 2004. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fid da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya a gonarsa. Ma'aikacin gandun daji da ake gudu a da, a wurare da yawa ya koma mai ba da shawara.

Abin da aka ƙirga

Shekaru da yawa ba wanda ya san girman abin. Manyan birni ba su lura ba, don ba a yi bikin buɗewa ba, ba a kafa allo ba. Sai wajen 2004 zuwa 2009 masu bincike na Nijar da na waje suka ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975, suka gwada da sababbi. Suka ga garuruwa sun ƙara girma, mutane sun ƙaru, itatuwa kuma sun ƙaru. Lissafinsu ya ba da hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jahohin Maraɗi da Damagaram. Suka kimanta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan dubu 500 a shekara. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar kyauta a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya raya fako da ramukan tasa.

A Ɗan Saga ba a lissafi da miliyan. Ana lissafi da shekarar 2005. Fari da fara sun ɓata damanar 2004, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Mai itace a gona ya yanki sanda, ya ɗaura dami, ya kai kasuwa, ya auno hatsi. Matarsa ta tsinko ganye ta haɗa da ɗan garin da ke akwai. Akuyarsa ta ci ƴaƴan kalgo ta rayu. Yunwa ta shiga gidan, amma ba ta kai shi ga sayar da gona ba.

Kada a ce komai ya gyaru. Itace ba ya ƙara wa gona faɗi. Gonaki suna ta ƙanƙancewa wajen rabon gado, samari suna ta tafiya ci-rani Najeriya da sauran ƙasashe. Akwai kuma wadda sabon tsarin ya matsa wa. A da daji na kowa ne, matar da ba ta da kowa tana shiga ta yi itacenta. Yanzu kowane itace da mai shi. Gwauruwar da ba ta da gona, sai ta roƙa ko ta saya. Wanda ya ari gona ko ya karɓi jingina, shi ma ba ya son wahalar gyaran itace, don bai san ranar da mai gona zai ce a ba shi abinsa ba. Waɗansu itatuwa kuma, irin su ƙirya da ɗanya, sun yi ƙaranci ƙwarai. Inda kututture ya mutu, ba abin da zai toho. Waɗannan sai an shuka ƙwayarsu, ko an dasa, an kewaye da ƙaya.

Baƙi suna zuwa Ɗan Saga daga wasu jahohi, har da wasu ƙasashe, don su gani da idonsu. Ba a kai su ofis. Gona ake kai su. Mai gona ya tsuguna gaban wata sabara, ya ware tohon da hannun hagu, ya nuna wanda zai bari da wanda zai yanke. Sa'an nan ya miƙa wa baƙon adda, ya nuna masa kututture na gaba.